Daga Sanjan Zuwa Gadar Sarauniya: Kwana Huɗu da Jaka a Baya

A kudu maso yammacin Faransa, a gindin duwatsun Firenis waɗanda suka raba ƙasar da Sifen, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Sanjan. Mazaunansa ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba, amma tun daga watan Afrilu har Oktoba garin ba ya rabuwa da baƙi. Kowace rana wani ɗan jirgin ƙasa yakan taso daga birnin Bayon, ya bi gefen kogi na kamar sa'a ɗaya, ya sauke mutane a tashar garin, kowa da jaka goye a baya. Ba mai taryarsu, ba kuma mai tambaya ina suka nufa, gama kowa ya sani. Daga nan ne ake kama hanyar ƙafa wadda ta ratsa arewacin Sifen har birnin Santiyago, tafiyar kilomita wajen 780. Mai ƙarfi yakan yi ta cikin kwana 30 zuwa 35.

Mu ma a wannan tasha muka sauka a watan Mayu na 1923 da ɗari, wato 2023, kamar yadda wani tsoho a gida yake ƙirga shekaru. Ba mu da abokin tafiya; daga mu sai jaka da sanda. Abin da muke so mu ba masu karatu labari a nan shi ne kwanaki huɗu na farko, domin su ne masu wuya, kuma a cikinsu ne mutum yake sanin ko zai kai ko ba zai kai ba.

Kafin ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar ya iso Sanjan ya riga ya yi wata tafiyar, ta takardu. Ana bukatar bizar Shengen, wadda take ba mutum izinin kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Sai an nuna tikitin dawowa, da shaidar kuɗin guzuri, da inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Kuɗin neman bizar Yuro 80 ne a lokacin da muka nema, an kuwa mai da shi 90 a watan Yuni na 2024. Bature yakan tashi da safe ya ce zai tafi, ya tafi. Mu sai mun yi watanni muna shiri. Wannan ya sa baƙar fata ba su da yawa a hanyar, har yakan zama kai kaɗai ne a masauki mai mutum ɗari.

Me ya sa mutane suke zuwa Santiyago? Sunan nan, da harshen Sifen, na Yakubu ne ɗan Zabadi, ɗan'uwan Yohanna, wanda littafin Ayyukan Manzanni sura 12 ya ba da labarin yadda sarki Hirudus ya kashe shi da takobi. A ƙarni na 9, zamanin sarki Alfonso na Biyu, aka ce an gano kabarinsa a can ƙarshen yammacin Sifen, aka gina majami'a a wurin. Littafi Mai Tsarki dai bai ce Yakubu ya je Sifen ba, mu kuwa ba don ƙasusuwan kowa muka fito ba. Amma abin da ba mai musu a kai shi ne, fiye da shekara 1,000 ke nan mutane suna taka wannan hanya, sun gina mata gadoji da asibitoci da masaukai, har ta zama ɗaya daga cikin wurare kaɗan a duniya inda baƙo mai ƙaramin guzuri zai yi tafiyar wata guda a ƙafa, kowane dare ya sami gado. A shekarun 1980 hanyar ta kusa mutuwa, masu binta a shekara ba su wuce 'yan dubbai ba. A 2024 kusan mutum 500,000 ne suka karɓi takardar shaidar isa Santiyago. Wasu don ibada suke yi, wasu don an yi musu rasuwa, wasu sun bar aiki ba su san abin da za su yi da kansu ba.

A Sanjan akwai ofishin matafiya a kan wani titi mai gangara wanda aka shimfiɗa da duwatsu. Masu aikin sa kai ne suke zaune a ciki. Suka ba mu wata takarda mai naɗi, kamar fasfo, a kan Yuro 2, suka buga mata hatimi na farko. Da wannan takarda ce ake ba mutum gado a masaukan hanya, kowane masauki kuma da nasa hatimin. A bakin ƙofa akwai ma'auni da ake rataya jaka. Ka'idar da kowa yake faɗa ita ce kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa. Tamu ta tashi kilo 8 har da ruwa: riga biyu, wando biyu, safa uku, rigar ruwa, rigar sanyi, bargo mai zik, sabulu, ɗan magani, da Sabon Alkawari na aljihu. Wani saurayi da yake gabanmu ya rataya tasa, allura ta tsaya a kan 16. Tsohuwar da take kula da ma'aunin ba ta ce masa kome ba, sai ta nuna masa dutsen ta taga.

Daren nan barci bai zo da wuri ba. Ƙarfe tara ya wuce amma gari da haske, abin da ba mu saba gani ba. A irin wannan dare ne mai tafiya shi kaɗai yake fara jin nauyin abin da ya ɗauko. A gida idan mutum zai yi doguwar tafiya, akwai masu rakiya zuwa tasha, akwai addu'a, akwai mai cewa ka gai da wane. A nan ba wanda ya san sunanka. Idan ka fasa, ka koma tashar jirgi da safe, ba wanda zai lura.

Hawan dutse

Yinin farko shi ne mafi tsanani a dukan hanyar. Kilomita 25 ne zuwa Ronsebal, amma ba nisan ne abin tsoro ba. Sanjan yana kan tsayin mita wajen 180 daga teku, mashigin da za a ƙetare kuwa, wanda ake kira Lefodar, ya haura mita 1,400. Wato kamar a ce mutum ya tashi daga bakin teku ya hau tsayin garin Jos da ƙafa a yini guda, da kaya a baya. Ana kiran wannan hanya da sunan Nafoliyon. Hukuma takan rufe ta daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda dusar ƙanƙara da hazo, gama mutane sun sha ɓacewa a kanta, wasu har sun rasa rayukansu. A watannin nan sai a bi ta kwari, ta garin Balkarlos.

Muka fita ƙarfe shida da rabi. Tun daga ƙofar gari hawa ya fara, bai kuwa sassauta ba. Kilomita takwas na farko, zuwa wani masauki da ake kira Orison, sun ci mana kusan sa'a uku. Madaurin jaka yana cin kafaɗa, numfashi yana fita da ƙara. Orison yana cikin wurare na ƙarshe da suke da rufi da abinci mai zafi kafin a ƙetare. Wanda ya ga ba zai iya ba, nan ya kamata ya tsaya. Muka sha shayi, muka cika gorar ruwa, muka wuce.

Daga nan itatuwa suka ƙare, sai ciyawa kore shar, gajeruwa kamar an yi mata aski. Ƙasar Baskawa ce, mutane masu harshen da bai yi kama da Faransanci ko Sifaniyanci ba, bai kuwa da dangi a cikin harsunan Turai. Makiyaya ne tun kaka da kakanni. Tumakinsu masu dogon gashi suna ko'ina a kan tudu, daga nononsu ake yin cukun da aka san yankin da shi. Akwai kuma wasu gajerun dawakai da aka saki suna kiwo da ƙararrawa a wuya. Ba makiyayi a kusa, ba yaro da sanda, ba mai tsoron ɓarawo. Wanda ya taso a inda ake kwana da ido ɗaya saboda shanu, dole wannan ya tsaya masa a rai. A sama kuma manyan ungulaye suna shawagi, wani lokaci ma a ƙasa da mu, domin mun fi su tsayi.

Wajen tsakar rana hazo ya sauko. Ba irin hazon hunturu na gida ba ne mai ƙura. Wannan jiƙaƙƙe ne, mai sanyi, cikin minti kaɗan ya rufe kome. Mutanen da muke hange a gaba suka ɓace, ƙararrawar tumaki kaɗai ake ji. A nan ne muka gane amfanin alamun hanya. Akwai turaku masu lamba a jere, domin wanda ya shiga wahala ya buga 112 ya faɗi lambar da yake kusa da ita. A gefen Sifen kuma akwai kibiyoyi masu ruwan ɗorawa da aka zana a kan dutse, da itace, da bango. Wani limamin Katolika ne na ƙauyen Sebreiro, mai suna Eliyas Baliña, ya fara zana su a 1984 da gwangwanin fenti. Ya rasu a 1989, bai ga taron da yake bin kibiyoyinsa ba. A ganinmu, cikin dukan waɗanda suka yi wa wannan hanya hidima a zamanin nan, har da sarakuna da gwamnatoci, ba wanda aikinsa ya fi nasa amfani ga mai tafiya shi kaɗai.

Iyakar Faransa da Sifen ba ta da shinge ko ɗan sanda. Akwai wani famfo da ake kira Maɓuɓɓugar Rolan, sai wasu ƙarafa da aka shimfiɗa a ƙasa don hana dabbobi wucewa, sai dutse mai rubutun Nabara, sunan jihar. Shi ke nan. Mu da muka yi watanni muna neman izinin shiga, muka tsaya muna dube-dube ko akwai wanda za mu nuna wa fasfo.

Gangarowa ta fi hawa cin gwiwa. Cikin kurmi mai santsi aka sauko mita wajen 500, sai ga rufin Ronsebal a ƙasa. Ƙarfe huɗu da rabi muka isa.

Ronsebal ba gari ba ne sosai, mazaunansa ba su kai 50 ba. Majami'a ce da manyan gine-ginen dutse. A wannan yanki ne, a shekara ta 778, Baskawa suka yi wa ƙarshen rundunar sarki Sharlaman kwanton ɓauna suka kashe jarumi Rolan, wanda Turawa suka yi ta yi wa waƙa daga baya. A ƙarni na 12 aka kafa gidan baƙi a nan don masu ƙetare dutse, a da ma har akan kaɗa ƙararrawa a bakin mashigi idan hazo ya rufe, domin ɓatattu su bi sautin. Masaukin yanzu yana da gado 183, masu aikin sa kai daga ƙasar Holan ne suke karɓar baƙi. Wani dattijo a cikinsu ya duba takardarmu, ya ɗaga kai ya ce ya daɗe bai rubuta sunan Nijeriya ba. Muka ce, "Ga shi yau ka rubuta, Baba." Ya nuna mana inda ake ajiye takalma, gama ba a hawa da su ɗakin kwana.

A ƙasan bene akwai wani dogon tebur inda mutane suke zubar da abin da ya yi musu nauyi, mai bukata kuma ya ɗauka. Littattafai, wanduna, tukunyar gas, takalma sababbi, har da na'urar busar da gashi. Dutsen ya yi wa kowa lissafin da tsohuwar Sanjan ta ƙi yi da baki.

Da yamma aka yi sujada a majami'ar. Mu ba 'yan Katolika ba ne, sai muka zauna a baya kamar yadda ya kamaci baƙo. A ƙarshe limamin ya karanta sunayen ƙasashen da mutanensu suka iso a ranar, ya sa wa matafiya albarka da harsuna dabam dabam. Muka ji ya ce Koriya, Birazil, Amurka, Italiya, can wajen ƙarshe ya ce Nijeriya. Mutum ɗaya ne tak ya kawo sunan nan ta kan dutse a ranar.

Ƙarfe goma aka kashe fitila. Wanda bai taɓa kwana da baƙi da yawa a ɗaki ɗaya ba, a kan gado mai hawa biyu, ya tanadi abin toshe kunne, domin minshari ba shi da ƙabila.

Ƙafa da kaɗaici

Da fita daga Ronsebal akwai allo a bakin titi mai cewa saura kilomita 790 zuwa Santiyago. Na masu mota ne, hanyar ƙafa ba ta kai haka ba, amma kowa yakan tsaya ya ɗauki hoto yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Yini na biyu ba shi da hawa kamar na farko, kilomita 22 ne ta cikin kurmi da ƙauyuka masu fararen gidaje, amma a ranar ne jiki yake kawo ƙara. Cinya ta yi tsami, kafaɗa ta yi ja, ƙafafun mutane kuma suka fara yin bororo. Dabarar da tsofaffin hanya suke koya wa sababbi ita ce a tsaya kowace sa'a biyu, a cire takalmi da safa, a bar ƙafa ta sha iska, inda ya fara zafi kuma a manna masa filasta tun bai kumbura ba. Haka muka yi, ƙafarmu kuwa ta kai mu lafiya.

Zubiri, inda muka kwana, ma'anarsa da harshen Baskawa garin gada. Tsohuwar gadar da take kan kogin Arga ana kiranta Gadar Haukan Kare, domin mutanen da sun gaskata cewa dabbar da aka zagaya da ita ginshiƙin tsakiya sau uku za ta warke daga wannan ciwo. Muka tsoma ƙafa cikin ruwan, sanyinsa kamar ƙanƙara.

A nan ne kaɗaici ya same mu da gaske. Aikin yini yakan ƙare wajen ƙarfe uku: ka yi wanka, ka wanke rigar da ka cire, ka shanya. Daga nan har dare ba abin yi. Kantuna sun rufe don hutun rana, ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe biyar. Kowa yana hira da harshensa. Muka kira gida, inda agogo yake bayanmu da sa'a ɗaya. Uwargida ba ta tambayi dutse ko gada ba, sai ta ce, "Maigida, me ka ci yau?" Muka ce burodi da cuku da ayaba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, Allah ya kai ka lafiya." Shirun nan ya fi jakar nauyi.

Maganin abin shi ne teburin abincin dare. Akwai abincin matafiya da ake sayarwa, a lokacin wajen Yuro 12 zuwa 15: miya ko taliya, nama ko kifi da dankali, da ɗan abin zaƙi. Akan zaunar da mutane yadda suka iso, ba zaɓi. Muka sami kanmu tsakanin wata tsohuwa 'yar Koriya mai shekara 68, wadda mijinta ya rasu, da wani malamin makaranta ɗan Italiya. Turancinmu duka bai taka kara ya karya ba, amma kafin a tashi mun san 'ya'yan juna nawa. Kashegari muka gamu da tsohuwar a hanya, muka ce, "Sannu, Mama," ta amsa da gaisuwar da kowa yake yi a nan, wato "Buwen kamino", ma'ana a sauka lafiya. Ta miƙo mana rabin lemo ta wuce. Ba mu sake ganinta ba sai bayan kwana tara. Haka zumuncin hanyar yake: ba wanda yake jiran wani, gama kowace ƙafa da irin saurinta.

Yini na uku muka bi kogin Arga, kilomita 20, muka shiga Famfalona ta wata tsohuwar ƙofa a jikin ganuwa. Birni ne mai mutum wajen 200,000, bayan kwana biyu a daji ƙarar motoci ta zama mana baƙuwa. Nan ne ake sakin bijimai a cikin lunguna kowace safiya daga 7 zuwa 14 ga Yuli, samari suna gudu a gabansu. Kowace shekara sai an ji wa wasu rauni. Mun bi lungun, mun ga ƙuncinsa, ba mu ga hikimar abin ba. A kan wani titi kuma akwai alama a ƙasa inda harsashin igwa ya karya ƙafar wani soja mai suna Ignatiyus na Loyola a 1521. A kan gadon jinya ya juya ga Allah, daga baya ya kafa ƙungiyar Jesuwit. A gidan waya muka tarar da layin matafiya suna aika rarar kayansu gaba zuwa Santiyago. Saurayin nan mai kilo 16 yana cikinsu. Wasu kuwa a Famfalona tafiyarsu take ƙarewa, gwiwa ta kumbura ko zuciya ta karaya, su hau jirgi su koma.

A yini na huɗu ƙasa ta buɗe. Gonakin alkama ne kore har iyakar gani, iska tana kaɗa su. Hanya ta hau wani tudu da ake kira Tudun Gafara, inda aka jera manyan fankoki masu ba da wutar lantarki, aka kuma kafa siffofin matafiya na ƙarfe a 1996, wasu a ƙafa, wasu a kan jaki. Daga can ana hangen Famfalona a baya, da duwatsun da muka ƙetare sun zama shuɗi. Gangaren yana cike da duwatsu masu mirginawa, sanda ta yi aikinta. Abin da muka lura a ranar shi ne, mun yi kusan sa'a biyu ba mu tuna da jakar ba.

Da la'asar muka isa garin da ake kira Fuwente la Raina, wato Gadar Sarauniya, bayan kilomita 24. An gina gadar a ƙarni na 11 don matafiya su daina biyan masu kwalekwale, har yanzu kuwa da ƙafa ake ƙetare ta. A kan hasumiyar majami'ar da take bakin gari akwai sheƙar wasu manyan fararen tsuntsaye, 'yan'uwan shamuwa. Da yawa daga cikin irinsu, idan sanyi ya gabato, sukan ƙetare teku ta mashigin Jibraltar, su ratsa hamada su sauka a ƙasashen Sahel, sa'an nan su komo Sifen su yi ƙwai. Muka daɗe muna kallonsu daga bakin masauki, rigarmu tana bushewa a kan igiya.

Takardarmu ta sami hatimi biyar. Mun ci kilomita 90 da ɗoriya, saura wajen 690. Kashegari hanya ta nufi Esteya, kilomita 22, mai masauki kuwa ya ce a fita da wuri da gora cike, domin inuwa ba ta da yawa a tsakani.